Aikin wucin gadi na MySQL da MariaDB: a faɗaɗa RAM na ciki, a ɗora kan tmpfs, ko a ware masa NVMe?

Duk tambayar SQL da ta ƙunshi GROUP BY, DISTINCT, UNION, ko ORDER BY da babu fihirisar da za ta ɗauke shi, tana iya tilasta wa rumbun bayanai irin MySQL ko MariaDB ya buɗe wurin aiki na wucin gadi, ya tara sakamako a ciki, ya jera shi, sannan ya zubar. Muddin aikin ya tsaya a cikin RAM, babu wanda zai ji nauyinsa. Da zarar ya fi ƙarfin iyakar da aka sa masa sai ya gangara faifai, rahoton da ake samu cikin daƙiƙa biyu ya koma na rabin minti, sauran masu amfani da sabar kuma su tsaya jira.

Hanyoyi uku aka saba bi. Ko dai a ɗaga iyakokin da rumbun ke amfani da su don aikin ya zauna a RAM tun farko, ko a mayar da foldar wucin gadi kan tmpfs, wato tsarin fayil na Linux da ke zaune a RAM, ko kuma a bar aikin ya sauka faifai amma a ba shi faifai mai sauri nasa na kansa, irin wanda ake kira NVMe. Shawarar da ta fi yawo a intanet ita ce ta biyu, kuma ta samo asali ne daga zamanin MySQL 5.5 da 5.6. A kan MySQL 8 sau da yawa ba ta taɓa matsalar ko kaɗan. Dalilin yana cikin inda kowane irin aiki ke sauka.

Abin da ke sauka a tmpdir da abin da ba ya sauka

A MySQL 5.6 da waɗanda suka gabace shi, teburin wucin gadi da ya yi wa RAM yawa yana komawa teburin MyISAM, ɗaya daga cikin injunan ajiya na MySQL, a cikin foldar da `tmpdir` ke nunawa, galibi `/tmp`. Shi ya sa ɗora wannan folda kan tmpfs ya yi suna, domin a lokacin yana maganin ciwon kai tsaye. Daga 5.7 aka sauya: irin waɗannan teburan suka koma injin ajiya na InnoDB, suna shiga fayil ɗin `ibtmp1` a cikin foldar bayanai. A 8.0 kuma aka ba kowane zama, wato kowane haɗi da sabar, fayilolinsa masu ƙarewa da `.ibt` a foldar `#innodb_temp`, wadda `innodb_temp_tablespaces_dir` ke nunawa, kuma tun 8.0.16 babu zaɓin komawa MyISAM. Ke nan wanda ya mayar da `tmpdir` RAM a kan MySQL 8.0 ko 8.4 don ya kama teburan wucin gadi da ke sauka faifai, ya kafa tarkonsa a inda ba sa wucewa.

Abin da ya rage a `tmpdir` na MySQL 8 shi ne fayilolin jerawa idan `sort_buffer_size` ya cika, da fayilolin mmap (fayilolin da ake aiki da su kamar RAM) na TempTable, injin da ke riƙe teburan wucin gadi, da abin da ya malalo daga ma'ajiyar binlog, kundin da ke rubuta sauye-sauyen bayanai, idan ma'amala ɗaya ta wuce `binlog_cache_size` wanda asalinsa KB 32 ne, da fayilolin jerawa na ALTER TABLE da gina fihirisa. A sabar kwafi, wadda ke kwafar bayanan babbar sabar, akwai kuma fayilolin LOAD DATA.

MariaDB ta bi wata hanyar daban. Teburan wucin gadi da suka sauka faifai suna zama teburan Aria, injin ajiya na MariaDB, kuma har yanzu a `tmpdir` suke, da fayiloli masu ƙarewa da `.MAD` da `.MAI`. Don haka tsohuwar shawarar tana da sauran ƙarfi a MariaDB. Sai dai Aria tana da ma'ajiyarta a RAM, `aria_pagecache_buffer_size`, mai MB 128 a asali, wadda ke shanye wani ɓangare na karatun da rubutun kafin ya isa fayil.

Akwai wani abu kuma da ke rage wa tmpfs kwarjini ko a inda ya dace. Fayilolin jerawa ba a tilasta musu sauka faifai nan take. Rubutun yana fara zama a ma'ajiyar shafuka ta kanel ɗin Linux, kuma bisa saitin asali kanel ba ya matsa wa shafi ya sauka sai ya kai daƙiƙa 30, ko kuma shafukan da ba a rubuta ba sun kai kashi 10 cikin ɗari na RAM da ke samuwa, kamar yadda `vm.dirty_expire_centisecs` da `vm.dirty_background_ratio` suka tsara. Fayil mai MB 80 da aka ƙirƙira, aka karanta, aka goge cikin daƙiƙa huɗu, a kan ext4 ko XFS yana iya ƙarewa bai taɓa faifai ba. Teburan wucin gadi na InnoDB su ma ta cikin ma'ajiyar InnoDB suke bi, kuma ba a rubuta musu redo, kundin da InnoDB ke farfaɗowa da shi idan sabar ta faɗi. Kalmar "disk" da ke cikin sunan ma'auni irin `Created_tmp_disk_tables` ba ta tabbatar da cewa faifan ya sha wahala.

A auna kafin a taɓa komai

Ma'aunai biyar ne ke ba da labarin: `Created_tmp_tables`, `Created_tmp_disk_tables`, `Created_tmp_files`, `Sort_merge_passes` da `Binlog_cache_disk_use`. Jimillarsu tun ranar da aka kunna sabar ba ta da wani amfani. A karanta su da `SHOW GLOBAL STATUS` a lokacin da aiki ya yi zafi, a jira minti ɗaya, a sake karantawa, a ɗauki bambancin. Idan `Sort_merge_passes` ne ke gudu, matsalar jerawa ce kuma `tmpdir` na ciki. Idan `Created_tmp_disk_tables` ne, a MySQL 8 sai a dubi `#innodb_temp`, a MariaDB kuma `tmpdir`. A lura cewa wannan ma'aunin ba ya ƙirga teburan da suka koma mmap a MySQL 8.0. Su ana ganinsu a Performance Schema ƙarƙashin `memory/temptable/physical_disk`.

A daidai wannan mintin a kunna `iostat -x 5` a ga ko faifan na cikin matsi da gaske. Idan rubutu kaɗan ne kuma jiran bai wuce milisakan ɗaya ko biyu ba, to jinkirin daga CPU yake ko daga tsarin tambayar, kuma babu wata folda da za a matsar ta gyara shi. Manhajojin da ke duba sabar su ce kashi kaza na teburan wucin gadi sun sauka faifai, don haka a ƙara kaza, ba su san girman teburan ba, ba su kuma san ko faifan ya damu ba. Teburi dubu masu KB 20 ba su kai nauyin guda ɗaya mai GB 3 ba.

Bayan haka a nemo masu laifin. `sys.statements_with_temp_tables` yana jero tambayoyin da suka fi saukar da teburi, `EXPLAIN` kuma zai nuna `Using temporary` ko `Using filesort`. Galibi tambayoyi biyu ko uku ne ke haddasa yawancin aikin, kuma fihirisa ɗaya da ta dace da jerin ginshiƙan GROUP BY tana iya kawar da teburin wucin gadin ɗungurungum. Wannan ya fi duk hanyoyin uku arha. Abin da ke ƙasa na wanda ya riga ya gyara abin da zai gyaru ne.

Wani abin mamaki ga wanda bai saba ba: `ls` a cikin `tmpdir` yakan nuna babu komai alhali `df` na cewa foldar ta cika. MySQL yana cire sunan fayilolin jerawa da zarar ya buɗe su, don kada su yi saura idan ya faɗi. `lsof +L1` ne ke nuna su da girmansu.

Hanya ta farko: a ɗaga iyakokin cikin rumbun

Wannan ta fi kowacce sauri idan ta yi aiki, domin bayanan ba sa zama fayil sam. Babu sauya teburi daga wani injin zuwa wani, babu rubuta guntayen jerawa a sake haɗe su. Ko a tmpfs, duk wannan aikin sai an yi shi, faifan kawai aka cire daga lissafi.

A MariaDB da MySQL 5.7, injin MEMORY ne ke riƙe teburin wucin gadi, kuma iyakarsa ita ce wadda ta fi ƙanƙanta tsakanin `tmp_table_size` da `max_heap_table_size`, kowannensu MB 16 a asali. Wanda ya ɗaga ɗaya ya bar ɗaya bai yi komai ba. Injin yana da halaye biyu da ke ɓata lissafi. Ba ya karɓar ginshiƙin TEXT ko BLOB, saboda haka tambayar da ta ɗauko irinsu tana sauka faifai kai tsaye ko da an ba ta GB 1. Sannan yana ware wa VARCHAR cikakken faɗinsa a kowane layi: VARCHAR(255) a utf8mb4 yana cin bayit 1020 ko da sunan da ke ciki harafi biyar ne. Da irin wannan ginshiƙi guda ɗaya, layi wajen dubu 16 sun isa su cika MB 16. Rage faɗin ginshiƙai da daina `SELECT *` yakan yi abin da ƙarin RAM bai yi ba.

MySQL 8 yana amfani da TempTable, wanda ke ajiye VARCHAR gwargwadon tsawonsa na gaskiya, kuma tun 8.0.13 yana karɓar TEXT da BLOB. Iyakokinsa hawa-hawa ne. `temptable_max_ram` ita ce iyakar sabar gaba ɗaya, GB 1 a 8.0. Idan ta cika sai a koma fayilolin mmap a `tmpdir` har zuwa `temptable_max_mmap`, shi ma GB 1, daga nan sai InnoDB. A 8.4 an sauya asalin: RAM ya zama kashi 3 cikin ɗari na abin da sabar ke da shi, tsakanin GB 1 da GB 4, mmap kuma a kashe yake. Sai wani sauyi da ya kama mutane da yawa ba shiri: daga 8.0.28, wanda ya fito a Janairun 2022, `tmp_table_size` ya koma iyakance kowane teburin TempTable. Sabar da ke tafiya lafiya a 8.0.27 tana iya fara saukar da duk teburin da ya wuce MB 16 bayan sabuntawa, ba tare da kowa ya taɓa saiti ba. Idan jinkirin ya fara ne bayan irin wannan sabuntawar, a fara da wannan.

Haɗarin hanyar yana cikin ninkawa. A injin MEMORY iyakar ta kowane teburi ce, babu rufi na gaba ɗaya, kuma tambaya guda tana iya buɗe teburi fiye da ɗaya. A ɗauki sabar mai GB 32, an ba `innodb_buffer_pool_size` GB 20. Idan aka sa MB 256 ga kowa, tambayoyi 40 suka zo tare, GB 10 ke nan a kan 20 ɗin, ba a ma ƙirga tsarin aiki da sauran ma'ajiyoyi ba. Ƙarshenta swap, wato tura abin da ke RAM zuwa faifai, ko kanel ya kashe `mysqld`. TempTable ya fi aminci a nan saboda rufin `temptable_max_ram`.

Saboda haka a bar saitin gaba ɗaya a matsakaici, MB 32 zuwa 64 ya wadatar ga yawancin manhajojin intanet, a ba manyan rahotanni nasu kason a keɓe. A MySQL 8:

`SELECT /*+ SET_VAR(tmp_table_size=256M) SET_VAR(sort_buffer_size=16M) */ ...`

A MariaDB ana yin irin wannan da `SET STATEMENT tmp_table_size=268435456, max_heap_table_size=268435456 FOR SELECT ...`. Haka `sort_buffer_size` yake, wanda asalinsa KB 256 ne a MySQL, MB 2 a MariaDB: a ɗaga wa tambayar da ke buƙata, kada a ɗaga wa kowa. Duk waɗannan ana sauya su sabar na aiki, ana kuma janye su cikin daƙiƙa idan ba su yi ba. Ko a sabis irin Amazon RDS, inda ba ka da ikon ɗora folda, wannan hanyar a buɗe take.

Hanya ta biyu: tmpdir a kan tmpfs

Tana da riba a yanayi guda bayyananne: MariaDB ko tsohon MySQL, ko jerawa mai yawa a kowane siga, fayilolin matsakaita ne kuma an san iyakar girmansu, faifan bayanai kuma a matse yake. Misali faifan gp3 na Amazon yana farawa da ayyukan karatu da rubutu 3,000 a daƙiƙa da MB 125 a daƙiƙa. Jerawar da ke zuba ɗaruruwan MB tana cinye wannan kason, rubutun redo da na binlog su shiga layi a bayanta. Cire ta daga faifan yana sauƙaƙa wa kowa, har da tambayoyin da ba ruwansu da teburin wucin gadi.

A yi masa folda tasa. Kada a yi amfani da `/dev/shm` ko `/tmp` da kowace manhaja ke zuba kayanta. A `/etc/fstab`:

`tmpfs /var/lib/mysql-tmp tmpfs rw,size=4G,mode=0750,uid=27,gid=27,nosuid,nodev,noexec 0 0`

Lambar 27 ta mai amfani `mysql` ce a dangin Red Hat. A Debian da Ubuntu takan bambanta, a duba da `id mysql`. Sai a sa `tmpdir=/var/lib/mysql-tmp` ƙarƙashin `[mysqld]`, a sake kunna rumbun, domin wannan saitin ba ya sauyuwa yana aiki. A tabbatar da `SELECT @@tmpdir`.

Idan ya ƙi tashi da kuskure mai lamba 13 alhali izinin foldar daidai yake, mai tsaron tsarin ne ya hana. A Ubuntu, AppArmor na MySQL bai san sabuwar foldar ba. A ƙara layi biyu a `/etc/apparmor.d/local/usr.sbin.mysqld`, wato `/var/lib/mysql-tmp/ r,` da `/var/lib/mysql-tmp/** rwk,` sannan a sake loda dokar da `apparmor_parser -r /etc/apparmor.d/usr.sbin.mysqld`. A inda SELinux ke aiki, lakabin da aka sa da hannu yana ɓacewa duk lokacin da aka sake ɗora tmpfs, don haka a rubuta shi a cikin layin fstab ta zaɓin `context=` da nau'in `mysqld_tmp_t`.

Sai jerin tashi. A ƙara `RequiresMountsFor=/var/lib/mysql-tmp` a sashen `[Unit]` ta `systemctl edit`, don kada rumbun ya riga foldar tashi. A kuma bar foldar da ke ƙarƙashi, ta kan faifai, a hannun root. In ba haka ba, ranar da ɗorawar ta gaza rumbun zai ci gaba da rubutu a faifan tsarin shiru, ba wanda ya sani sai ya cika. Ga sabar da ke ofis inda ake yawan ɗauke wuta, injin na mutuwa yana tashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɓacewar abin da ke cikin foldar kuwa ba asara ba ce, tunda tambayoyin da suka mallake shi sun mutu tare da wutar.

Girman shi ne inda ake yawan kuskure. `size=4G` rufi ne kawai, tmpfs ba ya kame RAM ɗin sai an rubuta. Amma a lissafi dole a ɗauka ya cika. A sabar GB 32 ɗin nan: 20 na InnoDB, kamar 2 na tsarin aiki, 3 na haɗe-haɗe da ma'ajiyoyinsu, 1 na TempTable, saura 6. Huɗu ga tmpfs ya bar ɗan sarari. Idan ba a rubuta girma ba, asalinsa rabin RAM ne, GB 16 a nan, wanda tare da 20 ɗin ya wuce abin da injin ke da shi. Kuma rage ma'ajiyar InnoDB don a samar wa tmpfs wuri galibi kwalliya ce da ba ta biyan kuɗin sabulu: an hana kowace tambaya RAM da take amfani da shi kullum don wasu 'yan kaɗan da ke zuwa jefi-jefi.

`free` yana ruɗar mutane a nan. Abin da ke tmpfs yana bayyana a ƙarƙashin `shared` da `buff/cache`, wurin da aka saba ɗauka kanel zai iya saki idan an matsu. Wannan ba ya sakuwa, sai dai a tura shi swap. Idan ya tafi swap, an koma rubutu a faifai, ta hanyar da ta fi ta farko muni. Linux 6.4 ya kawo zaɓin `noswap`, wanda Ubuntu 24.04 mai kanel 6.8 ke da shi, Debian 12 mai 6.1 kuma ba shi da shi. Shi ramfs ba ya shiga swap amma ba shi da rufi ko kaɗan, zai ci RAM har injin ya tsaya, don haka ba abin sa wa rumbun bayanai ba ne. A cikin kwantena kuma, abin da aka rubuta a tmpfs ana ƙirga shi cikin iyakar RAM ta kwantenar. `emptyDir` mai `medium: Memory` a Kubernetes yana iya sa a kashe rumbun ko da shi kansa bai wuce kasonsa ba.

Idan tmpfs ya cika, tambayar tana mutuwa da kuskure mai lamba 28, ba ta komawa faifai. Ana iya ba `tmpdir` foldoji da yawa a raba su da alamar `:`, kuma mutane kan zaci idan ta farko ta cika za a tsallaka ta biyu. Ba haka yake ba, bi da bi ake amfani da su, ko ta cika ko ba ta cika ba. Abubuwa biyu ne suka fi cika shi. Na farko ALTER TABLE a kan babban teburi, wanda fayilolin jerawarsa ke iya kai girman bayanan teburin da fihirisarsa. Teburi mai GB 30 ba zai ratsa ta folda mai GB 4 ba, kuma aikin yakan faɗi ne bayan ya yi nisa. Maganinsa `innodb_tmpdir`, wanda ake nunawa wata folda a faifai, kuma yana sauyuwa ba tare da sake kunnawa ba. Na biyu babbar ma'amala guda, kamar DELETE na miliyoyin layuka yayin da binlog ke tsarin ROW: duk layukan sai sun taru a fayil ɗin wucin gadi kafin a kammala, idan wuri ya ƙare a warware aikin duka. A raba irin wannan gogewa kashi-kashi, layi dubu biyar ko goma a kowane zagaye. A sabar kwafi a nuna wa `replica_load_tmpdir` folda ta dindindin. Idan an shiga matsi, `mount -o remount,size=6G /var/lib/mysql-tmp` yana faɗaɗa shi nan take, in akwai RAM ɗin.

Masu Debian 13, wanda ya fito a Agustan 2025, su duba da kyau: `/tmp` a can tmpfs ne tun asali, da rufin rabin RAM. MariaDB da aka bar `tmpdir` ɗinta a `/tmp` ta riga ta hau wannan hanyar ba tare da mai ita ya zaɓa ba, da duk haɗarin da aka lissafa. `findmnt /tmp` zai nuna.

A MySQL 8 ana iya mayar da `innodb_temp_tablespaces_dir` kan tmpfs, tunda ana sake ƙirƙirar fayilolin a kowane tashi. Ribar ba ta cika yawa ba, domin shafukan suna ma'ajiyar InnoDB, sai a wayi gari ana riƙe abu ɗaya sau biyu a RAM. Ga kuma batun O_DIRECT, wato rubutu ba tare da bi ta ma'ajiyar shafuka ta kanel ba, wanda ya zama asali a 8.4 amma tmpfs bai fara karɓarsa ba sai Linux 6.6. RAM ɗin da za a kashe a nan ya fi amfani a `temptable_max_ram` da `tmp_table_size`.

Hanya ta uku: faifan NVMe na kansa

Ba ta kai RAM sauri ba, amma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba, saboda ma'ajiyar shafuka na shanye ƙananan fayiloli, manyan kuma rubutu ne a jere wanda NVMe ke yi da gudun GB a daƙiƙa. Abin da take bayarwa shi ne fili. Ɗaruruwan GB na ɗaukar ALTER, da rahoton ƙarshen wata, da tambayar da wani ya manta bai sa mata WHERE ba, duk ba tare da an taɓa RAM na InnoDB ba. Kuma RAM ɗin da kanel ya ara don waɗannan fayiloli yana dawowa idan an matsu, saɓanin na tmpfs.

Ana nuna masa `tmpdir`, `innodb_tmpdir` da `innodb_temp_tablespaces_dir` gaba ɗaya, a tsara shi da XFS ko ext4 da `noatime`. Ba ya buƙatar RAID ko ajiyar ko-ta-kwana. A sabar haya, faifan gida da ke gogewa idan an tsayar da injin ya dace da wannan aiki sosai, da sharaɗin akwai rubutaccen umarni da ke tsara shi, ya ƙirƙiri foldojin, ya ba `mysql` kafin rumbun ya tashi. Amazon ma wannan dabarar ta bi a abin da ta kira Optimized Reads na RDS. A sabar gida a kula da ƙarfin jure rubutu na faifan, domin mai arha na kwamfutar tebur yana saurin gajiya da irin wannan aiki, gudunsa kuma yana faɗuwa idan rubutun ya daɗe.

Idan PostgreSQL ne

Lissafin iri ɗaya ne, sunayen ne suka bambanta, sai dai tmpfs ya fi haɗari a nan. `work_mem` asalinsa MB 4 ne, kuma na kowane matakin jerawa ko hash ne a cikin tambaya, kowane ma'aikacin da ke taya ta kuma da nasa. Matakan hash suna ninka shi da `hash_mem_multiplier`, wanda ya zama 2.0 tun siga ta 15. Abin da ya malala yana sauka `base/pgsql_tmp`. `log_temp_files=0` yana rubuta kowane fayil da girmansa, `EXPLAIN ANALYZE` kuma yana nuna `external merge` idan jerawar ta sauka. A ɗaga `work_mem` ga mai amfani na rahoto kaɗai da `ALTER ROLE`, a sa `temp_file_limit` don tambaya ɗaya kada ta cinye faifan.

Matsar da fayilolin yana buƙatar tablespace da `temp_tablespaces`, kuma tablespace abu ne da kundin rumbun ke ɗauka na dindindin. Takardun PostgreSQL da kansu sun yi gargaɗi a kan ɗora shi a faifan RAM. Bayan sake kunnawa, foldar ciki mai suna irin `PG_16_` da lambar kundi ta ɓace, sai an sake gina ta kafin rumbun ya tashi, sabar kwafi ma dole ta kasance da hanyar iri ɗaya. Idan wani ya yi kuskuren ƙirƙirar teburi na gaske a ciki, ya tafi. Tsohuwar dabarar ɗora `stats_temp_directory` a RAM kuma ta ƙare tun siga ta 15 a 2022, lokacin da ƙididdigar ta koma RAM na rumbun kansa. A PostgreSQL, `work_mem` da NVMe su ne zaɓin.

Wacce ga wa

MySQL 8.0.28 zuwa sama, teburan da ke sauka ba su wuce 'yan ɗaruruwan MB ba: hanya ta farko, `tmp_table_size` ga tambayoyin da ke buƙata, `temptable_max_ram` a matsayin rufi. MariaDB da tambayoyi masu TEXT da ba za a iya sake rubutawa ba, kamar na manhajar da aka saya ko aka girka a shirye, faifai a matse, RAM kuma da rara bayan InnoDB ya ƙoshi: tmpfs mai rufi, `innodb_tmpdir` a faifai, da ƙararrawa idan foldar ta kai kashi 70 cikin ɗari. Girman rufin a samo shi daga auna `df` ko `lsof +L1` na tsawon zagayen aiki guda, har da ƙarshen wata, a ninka mafi girman abin da aka gani sau biyu. Idan ninkin ya fi rarar RAM, ko girman aikin ba ya tsayawa wuri ɗaya, NVMe ne. Ƙaramar sabar haya mai GB 2 ko 4 ba ta da RAM da za ta ba tmpfs ko kaɗan, a can fihirisa da rage faɗin ginshiƙai ne kawai abin yi.

Duk wadda aka zaɓa, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a maimaita ma'aunin minti ɗayan a irin lokacin da aka yi na farko, a kwatanta lokacin tambayoyin nan biyu ko uku da `iostat` na kafin da na bayan. Idan tmpfs bai rage lokacinsu a fili ba, a mayar da `tmpdir` faifai, a ƙara wa `innodb_buffer_pool_size` GB huɗun.